Jikina ya yi tsami, cinyoyin Baba sun tsotse: me ke faruwa a cikin tsoka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tela ne, shekarata 23. Sati uku ke nan da na fara zuwa ɗaga ƙarfe da yamma. Ranar farko lafiya lau na dawo gida, amma bayan kwana biyu jikina ya yi tsami, ko riga da ƙyar nake sawa. Abokaina suka ce wai wani asid ne ya taru a jiki, wani kuma ya ce in na kuskura na daina, duk abin da na tara kitse zai koma. A gida kuma mahaifina ya yi sati biyar a kwance bayan an yi masa aiki a ciki. An sallame shi, amma cinyoyinsa sun tsotse, ko daga tabarma ba ya tashi sai an kama shi. Wai mece ce tsokar nan, yaya take aiki, kuma ƙarfin Baba zai dawo?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ƙanina, ka ɗauka tambaya biyu ka yi, amma a wajena guda ce. Abin da ya sa damtsenka ya yi tsami shi ne ya sa cinyar Baba ta tsotse, fuskar ce kawai ta bambanta. Aikina gashin ƙashi da motsa jikin marasa lafiya, ina kuma koyar da ɗalibai, kuma duk sabon aji kafin su buɗe littafi nakan ce su je wajen mahauci su tsaya su yi kallo. Tsokar mutum da ta rago gininsu ɗaya ne. Jan naman nan da mai tsire ke yankawa, shi ne tsoka, ba wani abu ba. Mutum na da irinta sama da 600 manne da ƙashi, kuma a jikin namiji mai matsakaicin jiki sukan kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, a mace ƙasa da haka kaɗan.

Sai dai kafin mu yi nisa, akwai kalma ɗaya da ke wahalar da mu a asibiti, wato jijiya. Bahaushe abu uku yake kira da sunan nan: wadda jini ke gudu a ciki, da wadda ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka, da kuma farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya. Mutum zai zo ya ce "ciwon jijiya nake", sai ka yi ta tambaya kafin ka gane wacce yake nufi. A nan zan riƙa cewa jijiyar jini, jijiyar saƙo, ta ukun kuma in kira ta agara ko a ina take a jiki.

Ka taɓa tsayawa ka kalli ana dambun nama? An dafa naman ya yi luguf, an daka a turmi, sai ka ga ya warware ya zama zare-zare, duk a miƙe fuska guda. Wannan zaren shi ne ginin tsoka. Kowace tsoka dami ce, a cikin damin akwai ƙananan damuna, a cikin kowane ƙaramin dami akwai zarurruka. Silin da kake gani a dambu ƙaramin dami ne, zaren ainihi ya fi shi siranta nesa, kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, wani ma bai kai ba. Kowane mataki da tantaninsa: akwai wanda ya lulluɓe tsokar gaba ɗaya, shi ne fari-farin da mahauci ke sa wuƙa ya ɗaye, akwai na kowane dami, akwai na kowane zare. Tantanin nan duka su ne ke tafiya su haɗu a ƙarshen tsoka su murɗe su zama agara. Ashe ke nan ba manna agara aka yi a jikin tsoka ba, daga cikinta ta fito, shi ya sa idan zare ɗaya ya ja, jan yakan isa har ƙashi. Dafuwa mai tsawo narkar da tantanin nan take, dalilin da ya sa naman ke warwarewa ke nan, kuma shi ne abin da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce.

Zare guda kuwa ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, amma ba irin sauran ba. Yawancin ƙwayoyin jiki cibiya ɗaya gare su, wato ɗan ƙwallon da ke cikin ƙwayar yana tafiyar da aikinta, ita wannan tana da ɗaruruwa, domin tun mutum na ciki ƙananan ƙwayoyi masu yawa ne suka haɗe suka zama doguwa guda. Idan aka sa ta a madubin likita, za ka ga tana da ratsi-ratsi kamar saƙi, fari da duhu, fari da duhu. Daga wannan layi zuwa na gabansa ana kiran sa sakomiya, kuma nan ne ainihin injin yake. Ƙanƙantarsa ta kai a jera kusan 400 a cikin milimita 1. Zaren da tsawonsa ya kai santimita 10 a damtsenka yana da wajen 40,000 a jere, kai da kai.

A cikin sakomiya akwai silin furotin iri biyu, siriri mai suna aktin da mai kauri mai suna mayosin, sun shiga tsakanin juna. Ka sarƙe yatsun hannayenka biyu daga bakin farce, sannan ka tura su ciki. Yatsunka ba su gajarce ba, amma tafukanka sun matso kusa. Haka tsoka ke yi. Da can masana sun zaci silin ne ke nannaɗewa ya takure, sai a 1954 takardu biyu suka fito tare a mujallar Nature, ɗaya ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, ɗaya ta Hugh Huxley da Jean Hanson, duka suna nuna cewa silin ba ya canza tsawo, zamewa yake a kan ɗan'uwansa. Huxley ɗin nan biyu ko dangi ba su haɗa ba, suna ne kawai ya zo ɗaya, kuma har yau ɗalibaina na rikita su a jarrabawa.

To me ke jan silin? Ka tuna yadda ake jan guga a rijiya. Hannu ya kama igiya ya ja, ya saki, ya kai gaba ya sake kamawa, kuma kafin wannan ya saki wancan ya riƙe, in ba haka ba guga ya koma. Mayosin na da ƙananan kawuna ɗaruruwa da suka fito daga jikinsa kamar hannuwa. Kowane kai ya kama aktin, ya ja, ya saki, ya miƙa gaba. Ba a lokaci ɗaya suke saki ba, saboda haka igiyar ba ta kuɓucewa. Jan kowane ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma idan sakomiya 40,000 kowacce ta ɗan matse, a zarurruka dubu ɗari da wani abu, sai hannu ya lanƙwashe da ƙarfe a ciki.

Amma tsoka ba ta motsi don raɗin kanta, sai an ba ta umarni. A lokacin hutu wuraren da mayosin zai kama a jikin aktin a rufe suke, akwai wani siririn furotin kwance a kansu, da ɗan makulli mai suna toroponin, wanda wani masani ɗan Japan, Setsuro Ebashi, ya gano a shekarun 1960. Idan ka yi niyyar ɗaga hannu, saƙo na tasowa daga ƙwaƙwalwa ya bi laka ya bi jijiyar saƙo, ya zo bakin zaren tsoka. Tsakaninsu akwai ɗan rata, sai jijiyar ta fesa wani sinadari, asetilkolin, ya tsallaka. Da ya taɓa tsokar sai wata 'yar wutar lantarki ta bi jikinta ta nutsa ciki, ta buɗe rumbunan da ta ɓoye kalsiyam. Kalsiyam ya fito ya kama toroponin, murfi ya janye, hannuwa suka kama igiya. Da saƙo ya tsaya, sai a kwashe kalsiyam a mayar rumbu, murfi ya koma, tsoka ta saki. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Ranar layya idan ka ga naman rago na ɓal-ɓal bayan an feɗe, ba abin tsoro ba ne, zarurrukan ne ba su gama mutuwa ba, kuma wuƙa ko gishiri na iya tsokano wutar nan. Irin abin da Luigi Galvani ya gani ke nan a ƙafar kwaɗo a birnin Bologna na Italiya, ya rubuta a 1791. Muhimmancin kalsiyam kuma Sydney Ringer ne ya fara gane shi a Landan a 1883, ta dalilin kuskure: mai taimaka masa ya haɗa ruwan gwaji da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa, zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa, da aka bincika sai aka ga kalsiyam ɗin ruwan famfon ne sirrin. Ruwan ƙarin nan da ake rataya wa marasa lafiya mai sunan Ringer, daga aikinsa ya samo asali. Ina kyautata zaton Baba ya sha shi a kwanciyar nan.

Ga wani abu da ke ba ɗalibai mamaki duk shekara. Man da injin nan ke sha sunansa ATP, kuma kan mayosin ba ya iya sakin aktin sai sabon ATP ya zo ya zauna masa. Wato saki ma kuɗi ake biya. Shi ya sa idan rai ya yi halinsa, jiki ya daina ƙera ATP, kalsiyam ya tsiyayo daga rumbu, hannuwan suka kama igiya, babu mai sa su saki. Gawa ke nan ta sandare. Yakan fara daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 6, ya game jiki wajen awa 12, kuma da zafi ya fi sauri. Masu wankan gawa ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san dalilin da ya sa ake gaggauta rufe ido, a ɗaure haɓa, a miƙar da gaɓoɓi tun jiki na da laushi.

Idan ka riƙe wannan sarƙar, ƙwaƙwalwa, laka, jijiyar saƙo, rata, kalsiyam, mai, za ka gane cututtuka da yawa da muke gani. Shan inna ba tsoka take ci ba, ƙwayoyin laka masu aika umarni take kashewa, tsokar ta zauna ba mai kiranta har ta tsotse. Alhamdu lillahi a watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da nau'inta na asali, bayan na ƙarshe da aka gani kafin lokacin a Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa muna tare da su. Tetanus, mai sarƙe haƙora, akasin haka take yi: gubarta na tsinke birkin da ke laka, umarni ya yi ta zuwa ba tsayawa, mutum ya sanƙare ya bankare. Maganin ƙwari irin fiya-fiya yana hana a share asetilkolin daga ratar nan, tsoka ta yi ta karkarwa har ta gaza, ciki har da ta numfashi. Sai wanda ya fi ci mini rai, domin da hannunmu muke jawo shi: allura a ɗuwawu a wajen wanda bai san aikin ba. Babbar jijiyar saƙon ƙafa ta nan take wucewa. Na ga yara da dama an kawo su suna jan ƙafa, tafin ya saki, daga allurar zazzaɓi guda ɗaya a wani kyamis.

Mu dawo kanka. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa. Shi ya sa aka yi su kishiyoyi: ƙwanjin gaban damtse ya lanƙwasa hannu, na baya ya miƙar. Kuma wahalar da take sha ta fi wadda kake zato. Agarar ƙwanjinka ta kama ƙashi ne kamar santimita 4 ko 5 daga gwiwar hannu, alhali tafin hannunka na can wajen santimita 35. Idan ka riƙe bokitin ruwa mai lita 10 da hannu a lanƙwashe, tsokar jan kilo 70 zuwa kusan 90 take yi. An sayar da ƙarfi an sayi sauri ke nan, don ta matse kaɗan hannu ya yi tafiya mai nisa.

Ta yaya hannu ɗaya ke zura zare a allura da safe, da yamma ya ɗaga ƙarfe? Aikin gayya ne. Kowace jijiyar saƙo da zarurrukan da take shugabanta, idan ta yi kira dukkansu suke amsawa. A tsokar da ke juya ido jijiya ɗaya ba ta wuce zarurruka kaɗan ba, a sha-raɓa kuwa ɗaya na iya riƙe sama da 1,000. Idan aikin ƙarami ne, ƙananan ƙungiyoyi ake kira. Yana ƙara nauyi ana ƙara gayyato manya. Saboda haka ƙarfin da za ka ga ka ƙaru a sati huɗu zuwa shida na farko, yawancinsa ba nama ba ne ya ƙaru, ƙwaƙwalwarka ce ta koyi kiran gayya. Kada ka tsaya gaban madubi kana jin haushi, naman na tafe daga baya.

Su kansu zarurrukan ba iri ɗaya ba ne, kuma kowa ya ci kaza ya sani. Ƙirjinta fari, cinyarta da duhu. Kaza yini take tana yawo da tono, tashi kuwa sai an kore ta, ta yi fiffika biyu ta sauka. Tattabara fa? Ƙirjinta ja wur, don da shi take aiki yini guda. Jan nan wani furotin ne mai riƙe iskar oksijin, mayogulobin, tare da yawan ƙananan jijiyoyin jini. Jajayen zarurruka ba su da gaggawa, amma ba sa gajiya da wuri, suna ƙona sukari da kitse da iska. Farare kuwa ƙarfi da sauri, sai dai nan da nan sun sare. Mutum a gauraye nasa suke a kowace tsoka, wani wajen wannan ya fi yawa, wani wajen wancan. Idan keken ƙafa kake takawa a shago, jajayen sha-raɓarka ne ke riƙe ka tun safe har la'asar, musamman jajiberin Sallah. Da ka je wajen ƙarfe sai ka taso fararen da suka daɗe suna barci. ATP ɗin da ke ajiye a tsoka na daƙiƙa biyu zuwa uku ne kawai. Akwai ɗan asusun gaggawa na wani sinadari mai suna kiriyatin da ke kai mutum wajen daƙiƙa 10, kusan daidai lokacin da Usain Bolt ya cinye mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Daga nan sai a koma fasa sukarin da tsoka ta tara, cikin gaggawa ba tare da jiran iska ba, kuma a nan ne asid ɗin abokanka ke fitowa.

Sunansa laktik asid, kuma shi ne dai ke sa nono tsami. Da yake mu ma cewa muke jiki ya yi tsami, sai maganar ta zauna daram kamar gaskiya. To ba haka ba ne. Yana ƙaruwa lokacin da kake tsaka da aikin, amma cikin awa ɗaya da tsayawarka jini ya kwashe shi, zuciya da sauran tsokoki sun ƙone wani, hanta ta mayar da wani sukari. Kai da bakinka ka ce ranar farko lafiya lau ka dawo gida. Abin da ya tafi tun kafin isha'i ba shi zai hana ka sa riga jibi ba.

Abin da ya faru shi ne ka ɗora wa zarurrukan nauyin da ba su saba ba, musamman wajen sauke ƙarfen, lokacin da tsoka ke riƙe da kaya ana kuma miƙar da ita. Ka ga mai jan guga da aka fizge igiyar daga hannunsa yana riƙe. Wasu sakomiyoyi sun ɓaci, tantani ya ɗan tsattsage, sai jiki ya turo masu gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin zafi suka farka. Wannan aikin ne ke ɗaukar lokaci, shi ya sa tsamin ke tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya lafa kafin sati. Dalilin ke nan da saukowa daga dutse ya fi hawansa sa ciwon cinya washegari. A gefen kowane zare akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kwance suna jira, Alexander Mauro ne ya fara bayyana su a 1961. Idan an yi ɓarna sukan farka su hayayyafa su shige cikin zaren, su ƙara masa cibiyoyi, shi kuma ya ƙara jera aktin da mayosin. Yawan zarurrukanka ba ya wani ƙaruwa, kauri kowanne ke yi. Kuma na tabbata a sati na biyu tsamin bai kai na farko ba. Kada ka bi masu cewa in ba a ji ciwo ba ba a yi aiki ba, tsoka na girma ko ba tsami, in dai ana ƙara nauyi a hankali, ana ci, ana barci, ana ba kowace gaɓa hutun kwana ɗaya ko biyu.

Akwai inda tsami ke daina zama wasa. Idan bayan motsa jiki mai tsanani, musamman da zafin bazara ko da ƙishirwa, gaɓa ta kumbura sosai, ƙarfi ya tafi, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, zarurruka ne suka fashe da yawa, mayogulobin ya zubo cikin jini yana toshe ƙoda. Wannan asibiti ake tafiya a ranar, kuma kada a sha diklofenak ko ibuprofen a kai, ƙara wa ƙodar kaya suke. Ka kuma yi nesa da ƙwayoyi da allurai na sa ƙwanji da ake raɗawa a wuraren ɗaga ƙarfe: suna lalata hanta, su kaurara zuciya, su kashe maniyyi. Su kuma 'yan sha-ka-fashe masu deksametason, kumatu da tumbi suke kawowa, tsokar cinya kuwa cinye ta suke yi. Furotin ɗin da kake buƙata bai wuce kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyinka a yini ba. Mai kilo 60 wajen giram 95 ke nan. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, sauran ka nema a wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, nono da nama. Ba sai ka sayi garin gwangwani ba.

Batun tsoka ta koma kitse kuwa, ƙwayoyinsu daban ne, kamar a ce gero ya koma dawa a rumbu. Abin da ke faruwa, mutum ya daina motsi, zarurruka su sirance, amma cin da ya saba bai ragu ba, sai kitse ya cike gurbin. Daga waje sai a ga kamar rikiɗa aka yi.

Duk bayanin nan a kan tsokar da ke bin umarninka ne. Akwai iri biyu da ba sa shawara da kai. Ta zuciya ma mai ratsi ce, amma ƙwayoyinta gajeru ne masu rassa, a sarƙe da juna yadda wuta ke wucewa daga wannan zuwa waccan, kuma ita ke kunna kanta, wajen sau 100,000 a yini. Ba ta da masu gyara irin na damtse, inda ya mutu tabo yake zama, kuma toroponin ɗin nan da ya zubo cikin jini shi ake aunawa a gane ko wani sashen zuciyar ya mutu. Ta ukun ba ta da ratsi, ita ce a bangon hanji, tumbi, mafitsara, jijiyoyin jini, hanyoyin iska da mahaifa. Ƙundun kaza da kake tauna, ita ce. A hankali take matsewa, ta daɗe ba ta gaji ba. Murɗar ciki aikinta ne, haka asma idan ta shaƙe hanyar iska, haka naƙuda. Mahaifar da ba ta kai giram 100 ba takan kai kusan kilo 1 a ƙarshen ciki, kuma bayan haihuwa matsewarta ce ke datse jini, shi ya sa ungozoma ke murza mara a kuma yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse.

Yanzu Baba. Tsoka kullum cikin rushewa da gini take, ko kana barci. Tana da tsadar riƙo, saboda haka jiki ba ya ciyar da wadda ba a aiki da ita. Ka ɗora mata kaya, gini ya fi rushewa, irin naka ke nan. A kwantar da mutum, rushewa ta fi gini, irin na Baba ke nan. An taɓa gwadawa a Amurka da tsofaffi masu lafiya garau, aka kwantar da su kwana 10 kawai, suka rasa kusan kilo 1 na naman ƙafa. Baba sati biyar ya yi, ga ciwo, ga yanka da jiki ke neman furotin ya ɗinke, ga rashin cin abinci, kuma rumbun da jiki ke ɗiba a irin wannan hali tsoka ce. Ƙari a kan haka, tun daga shekara 30 mutum ke rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa duk shekara goma, abin ya ƙara sauri bayan 60. Ko 'yan sama jannati a tasharsu ta sararin samaniya sai sun yi wajen awa biyu suna motsa jiki kullum, don can babu nauyin da ƙafa za ta ɗauka. Cinya da ɗuwawu ne ke fara tafiya, kuma su ne ke tayar da mutum daga ƙasa.

Ƙarfinsa zai iya dawowa da yardar Allah, domin zarurrukan na nan, jijiyoyin saƙonsu na nan, sirancewa kawai suka yi, kuma an ga 'yan shekara 90 sun ƙara ƙarfi da motsa jiki. Sai dai dawowar ta fi tafiyar jinkiri, a sa ran watanni. Babban abin da nake faɗa da iyalai a kai shi ne tausayi. Mu a wajenmu ladabi ne dattijo ya motsa a ce "Baba zauna, bari a kawo maka". A miƙo buta, a miƙo ruwa, a ɗaga shi cak. A wannan halin kowane aikin da kuka karɓe masa, kun hana cinyarsa abincinta.

Ku fara tambayar likitan da ya yi aikin abin da ɗinkin zai iya ɗauka, don kada ya yi nishi da ɗaukar kaya kafin lokaci. In ya ba da izini, a bar tabarma tukuna, ta yi ƙasa da yawa. A samo kujera mai tauri mai ɗan tudu, a jingina ta da bango. Ya matso bakinta, ya ja ƙafafu baya, ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, ya miƙe, ya dafa hannun kujerar in da buƙata. Komawar ita ce mai muhimmanci, ya zauna a hankali yana ƙirga uku, kada ya faɗa jagwab. Sau biyar, sau uku a yini, ka tsaya a gefensa hannunka kusa da ƙugunsa ba tare da ka ɗaga shi ba. Idan biyar ta yi sauƙi a kai takwas, a kai goma, sannan ya daina dafawa, sannan a nemo kujera mafi ƙasa. Yana kwance ya riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa, ya danna bayan gwiwa a katifa ya ƙirga biyar. Tafiya daga ɗaki zuwa zaure, gobe zuwa ƙofar gida, wani satin zuwa masallaci. A kowane cin abinci a sa masa ƙwai, ko wake, ko kifi, ko nono, kada a bar shi da koko da shayi kawai, sai fa in likita ya ce ƙodarsa na da matsala. Shi ma zai ji tsami irin naka, ka gaya masa tun da wuri don kada ya ɗauka ciwon ne ya dawo.

Amma idan kun lura raunin ɓari ɗaya ne, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ƙafa ta mutu ba ya jin taɓi, ko fitsari na kuɓuce masa, wannan ba tsotsewar kwanciya ba ce, jijiyar saƙo ce ko ƙwaƙwalwa. Haka in sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a murza kada a gasa, jini ne mai yiwuwa ya daskare a ciki, kuma yakan biyo bayan doguwar kwanciya. Duk waɗannan a mayar da shi asibiti a ranar. In babu ko ɗaya, ka samo ɗan littafi ka riƙa rubuta sau nawa ya tashi daga kujera kowace rana, ku tafi da shi ranar da zai koma ganin likita, ku kuma nemi a haɗa ku da sashen gashin ƙashi.